Ranar da Bahago Ya Yi Jifa da Dama

Shekarun baya can, tun Bature yana da sauran iko a ƙasar nan amma ana ta raɗe-raɗin ya kusa naɗe tabarmarsa, na yi wani aiki wanda har yau idan jikokina suka tambaye ni sunansa sai in rasa ta cewa. Aikin dai tsuguno ne. In tsuguna a tsakiyar rana, wani ƙato ya yi ta jifana da iyakar ƙarfinsa, ni kuma in ce masa madalla, ƙaro wani. Masu tambayata abin da ya karkatar da manunina na dama, har idan na ɗaga shi a zaman tahiya maƙwabcina yake nunawa, to ku gyara zama, yau za ku ji.

Ina da aboki, tare muka tashi a wani ƙauye kusa da Lambara, ƙasar Shagari. Bahago ne. Kakarsa ta yi iyakar yinta, ta ɗaure hannun da tsumma, ta shafa masa maɗaci, ta kai shi wajen malam. An samu ya koyi ci da dama, gaisuwa da dama, miƙa abu da dama. Amma jifa, ina! Jifa na hagu ne. Idan gero ya fitar da kai aka tura mu tsaron tsuntsu, mu muna fama da majajjawa da kaɗa gwangwani, shi hoge kawai yake ɗauka. Kuma hogen ba ya tafiya miƙe kamar na mutane. Sai ya tafi kamar ya yi kuskure, yana dab da isa ya karyo kwana ya sami abin da aka aike shi.

Akwai mutum ɗaya da bai taɓa ganin wannan jifa ba, shi ne mahaifinsa. Abokina ɗan fari ne, gidansu kuma akwai jinin Fulani, kunyar ɗan fari a wurinsu ba wasa ba ce. Mahaifin bai taɓa kiran sunansa ba. Ko yana tsaye a gabansa, sai ya juya ya ce da ni, “A hwaɗa ma wancan shi kai shanu rahi.” Sau ɗaya tak, muna ƙanana, abokina ya manta ya kai hagu cikin akushi a gaban baƙi, tsohon ya doke hannun da bayan ludayi. Tun daga ranar, da zarar ya hango mahaifinsa sai hagun ta shige cikin riga.

Da muka zama samari, wani rani muka tafi Boɗinga aikin lebura wajen Baturen da ke haƙa rijiyoyin siminti. Wannan ba irin Turawan da muka saba gani ba ne. Mutumin Amurka ne, dariyarsa har bayan gari, yana zama a ƙasa ya ci tuwo da mu, Hausarsa kuwa sai mai haƙuri. Abu ɗaya muka lura da shi, hannunsa na dama ba ya ɗaguwa ya wuce kafaɗa. Ko hula zai sa, da hagu yake sawa.

Wata rana da hantsi kare ya sure cinyar rago daga hannun kukunsa ya zura da gudu. Karen ya yi nisa, har ya kewaya bayan wata bishiyar tsamiya. Abokina yana zaune kusa da buhun albasa, ya ɗauki ɗaya ya sake ta. Wallahi albasar nan ta bi bayan tsamiyar kamar tana da ido. Sai kukan kare muka ji, ya yar da nama ya yi ta kansa. Bature yana riƙe da kofin shayi, kofin ya faɗi bai sani ba. Ya zo ya kama hagun abokina yana jujjuya ta kamar mai cinikin saniya, yana cewa, “Kai! Kai! Sake! Sake!” Rabin buhun albasar nan a jikin tsamiya ya ƙare.

Da yamma ya fito da wani farin ƙwallo mai ɗinkin jan zare, girmansa da taurinsa kamar ɗan goriba, da wata ƙatuwar safar hannu ta fata da ta sha jiki. Ya zaunar da mu ya ba mu labarinsa. Ya ce a ƙasarsu akwai wasa, besbol suke ce masa, mu dai ƙwallon kulki muka raɗa masa. Mutum ɗaya yana jifa, ɗaya yana tsaye da kulki yana son ya doke, ɗaya yana tsugune a bayan mai kulkin yana cafewa. Kuma wai jifan nan sana'a ce, da ita mutum yake ci, yake sha, yake aure. Muka dubi juna da abokina, muka ce lalle mutanen nan ba su da aikin yi.

Ya ce shi ma majefi ne a da. Ya fara a ƙauyensu, aka gan shi, aka ɗauke shi zuwa ƙungiyar wani ɗan ƙaramin gari inda ake kwana a mota ana cin burodi busasshe. Daga nan hawa-hawa ne, kowane mataki ana zubar da mutane, wanda ya tsira a matsa da shi gari mafi girma. Ya hau, ya hau, saura taki ɗaya ya shiga babban birni inda manya ke wasa, sai rannan yana cikin jifa ya ji kafaɗarsa ta ce ƙas. Shi ke nan. Washegari wani yaro ne a gurbinsa, shi kuwa ya koma koyon haƙa rami. Da ya zo nan a labarin bai yi dariya ba. Ya daɗe yana murza kafaɗar, sannan ya nuna abokina ya ce, “A ƙasarmu, bahago zinariya. Kowa yana nema. Wannan zai kai inda ni ban kai ba.”

To, majefi sai da mai cafewa. Bature ya duba ya duba, idonsa ya faɗa kan wa? Kan marar rabo. Ya zura mini safar nan a hagu, ya ce in tsuguna.

Jama'a, na ga ta kaina. Kullum bayan la'asar ina tsugune a fili kamar wanda ciki ya ɓaci, 'yan matan da ke tallan fura suna wucewa suna ƙyalƙyala dariya. Tafin hannuna na hagu ya kumbura ya yi suntum, mazugin wando ma da ƙyar nake ɗaurawa. Wannan duk mai sauƙi ne. Abin da ya fi ci mini rai, Bature ya kafa doka cewa hannun abokina ba na wahala ba ne. Ba haƙa, ba jan ƙasa, ba ɗaukar siminti, ba kokawa ranar kasuwa. To aikin nasa wa zai yi? Ni. Ina can ƙasan rijiya ina haɗa gumi da laka, gogan naka yana zaune a inuwa an naɗe masa kafaɗa da tawul kamar mai jego. In fito a gajiye kuma a miƙo mini man shanu in murza masa hannu. Har ya kan ce, “Aboki, ɗan matsa nan sama, nan na ka ciwo.” Allah dai ya ba ni haƙuri ban shaƙe shi ba.

Da na je gida mahaifiyata ta ga hannun ta ce, “Wai wane irin aiki na kaka yi ma Nasara?” Na ce cafe ƙwallo. Ta ce, “Shi ɗan'uwan naka hwa?” Na ce shi ke jifa. Ta ce, “Kai dai tun kana ƙarami ba ka iya zaɓe ba.”

Me ya zaunar da ni? Alkawari. Bature ya ce majefi ba ya tafiya sai da mai cafe masa. Idan aka ɗauki abokina, da ni za a tafi, ko da iyakata Ikko in ga teku. Ni da ban taɓa wuce Sakkwato ba. Saboda tekun nan na jure har ranar da ƙwallo ya kauce wa safa ya sami manunina, ya karya shi. Mai ɗori ya ɗaure, ya warke a karkace, na koma na tsuguna. Rani ya wuce, muka je gida muka yi noma, wani ranin ya zagayo muka dawo. Zuwa lokacin, idan abokina ya saki ƙwallo ba ka ganinsa, ƙararsa kawai kake ji a cikin safa. Kuku da sauran leburori duk an ba su kulki sun gwada, iska kawai suke duka.

Ana nan sai Bature ya zo yana tsalle kamar yaro. Wani tsohon maigidansa, wanda aikinsa ke nan yawo ƙasa-ƙasa yana neman hannu, ya zo Ikko wata hidima. Baturenmu ya dame shi da waya har ya yarda zai ratso. Amma ba zai kwana ba. Tsakanin azahar da la'asar kawai gare shi, zai wuce Sakkwato, daga can Kano ya hau jirgi. Idan ya ga abin da aka faɗa masa, zai ɗauki abokina. Idan bai gani ba, babu wata ranar.

Labari ya bazu har Danchaɗi da Kajiji. Ranar, filin bayan bariki ya cika, har da wakilin hakimi an kawo masa kujera. Kafin baƙo ya iso muka ɗan motsa hannu, kuma ban taɓa jin jifan abokina da zafi kamar na ranar ba. A raina na ce yau teku ta ganni. Mota ta tsaya, baƙon ya fito, wani jibgege mai jan wuya da taba a baki mai kaurin rogo. Ya tsaya gefe ya harɗe hannu. Baturenmu ya ɗaga mana yatsa. Na tsuguna, na buɗe safa.

Abokina ya ɗaga ƙafa zai saki, sai na ga ya tsaya. Idonsa ba a kaina yake ba, yana kallon saman kaina ne. Ya sauke ƙafar a hankali. Sannan, ina ji ina gani, ya cire ƙwallo daga hagu ya mayar dama, hagun ta lallaɓa ta shige aljihun riga.

Na waiwaya. Mahaifinsa ne tsaye a bayana, a sahun gaba, da malafa da sanda a kafaɗa, ƙafafunsa futu-futu da alamar doguwar tafiya.

Jifan farko da dama, ƙwallon ko rabin hanya bai kai ba, ya faɗi yana gangarowa kamar ƙwai. Na biyu ya tashi sama ya faɗa cikin ƙwaryar wata mai fura. Fili ya ɗauki dariya. Baturenmu ya yi ja, ya yi fari, yana ihu, “Hagu! Hagu! Ɗaya hannu!” Na tashi da gudu na je wurin abokina.

Na ce, “Kai, mi as same ka? Hauka kaka yi?”

Ya ce, “Baba na nan.”

Na ce, “Na gane shi! To sai mi?”

Ya ce, “Ba ni ɗaga mishi hagu.”

Na ce, “Ba shi za ka jihwa ba, ni za ka jihwa! Ni da ka saba! Dubi yatsana, don Allah dubi yatsana!”

Ya sunkuyar da kai ya ce, “Aboki, ba ni iyawa. Hannun ma ya mutu.”

Na koma wurin tsohon. Yaro ba ya ce wa dattijo tashi ka ba mu wuri. Na durƙusa na gaishe shi, na tambayi gida, na tambayi shanu, sannan na ce, “Baba, rana ta yi zahi, ga inuwa can jikin bariki, in kai ma tabarma.” Ya ce, “A'a ɗana, nan ma lahiya lau. Nan nika gani da kyau.”

Sai dabara ta zo mini. Na ce da abokina mu yi musanyar wuri, shi ya dawo nan, ni in koma can, ya ba mahaifinsa baya. Muka juya. Na tsuguna, na ɗago kai, me zan gani? Tsohon ya ratsa jama'a a hankali da sandarsa, ya kewayo, ya sake tsayawa a bayana daidai. Inna lillahi! Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige na huta.

Baturenmu har durƙusawa ya yi a gaban abokina yana riƙe da hagun yana roƙo, Hausar ta gudu, sai Turanci yake zubawa. Abokina hawaye na zuba, amma hannun bai fito ba. Baƙon ya duba agogo, ya yi 'yar dariya, ya dafa kafaɗar Baturenmu, wadda ta lalace ɗin, ya faɗa masa wata magana, ya shiga mota. Ko kiran la'asar ba a yi ba. Jama'a suka watse suna cewa dama ƙarya ce ake ta zuzutawa. Baturenmu ya zauna a ƙasa a tsakiyar fili, ya daɗe bai tashi ba. Ban taɓa jin tausayin Nasara ba sai ranar.

Washegari da sassafe muka kama hanyar gida, don babu wanda ke da fuskar zama. Tsohon yana gaba, ina tsakiya, abokina yana can baya nesa kamar yadda ya saba. Ni ko kallon abokina ba na son yi. Mun yi nisa, sai tsohon ya rage tafiya har na cim masa. Bai dube ni ba ya ce, “Wai abokin ga naka, mi as sami hannunai?”

Na ce, “Wane hannu, Baba?”

Ya ce, “Hagun mana. Shekara da shekaru ina jin labarinta ga bakin mutane. Kasuwar Shagari a hwaɗa man, wajen biki a hwaɗa man, sai in yi kamar ban ji ba. Da anka ce Nasara za shi tahiya da shi, nib bar albasata ba ban-ruwa, nit taso tun asuba. Nic ce bari in gani da idona sau guda, kahin a kai shi inda ba ni ƙara ganinai. Ga shi na zo, sai dama yaka ta yi.”

Na tsaya cak a kan hanya. Ban taɓa ɗaga murya a gaban babba ba sai ranar. Na ce, “Baba! Don girman Allah, mi ah hana ka hwaɗi?”

Ya ce, “In hwaɗa ma wa?”

Na ce, “Shi!”

Ya juyo ya dube ni sama da ƙasa kamar na yi saɓo, ya ce, “Kai yaro, kana da hankali kuwa?” Ya gyara sandarsa ya ci gaba da tafiya.

Na koma baya wurin abokina, na zazzage masa duk abin da aka ce, ban rage ko ɗaya ba, har da ƙari na zagi daga aljihuna. Na ce ku biyun nan Allah ya haɗa ku, kun kashe ni, kun kashe Bature, kun kashe albasa. Muka yi ta tafiya. Can gaba akwai wata doguwar goriba a bakin hanya, tsohon ya kusa isa gindinta. Sai na ga abokina ya duƙa ya ɗauki dutse. Da hagu. Ya ɗaga ƙafa yadda Bature ya koya masa, ya saki. Dutsen ya wuce ta saman malafar mahaifinsa, ya karyo kwana, ya tsinko ɗan goriba guda, ya faɗo tim a gaban tsohon.

Tsohon ya tsaya. Ya ɗaga kai ya dubi bishiyar, ya daɗe. Bai waiwayo ba. Ya duƙa ya ɗauki goribar, ya goge ta a riga, ya gatsa, sannan ya ce da hanya, ba da kowa ba, “Ashe gaskiya anka hwaɗi.”

Iyakar abin da aka samu ke nan. Jifa guda, ɗan kallo guda, ni kuma ko ɓawon goribar ba a ba ni ba.

Kafin damina aka ɗauke Baturenmu zuwa wata ƙasa. Ya bar mini safar, mahaifiyata ta mayar da ita abin sauke tukunya. Abokina ya yi noman albasa har ƙarfinsa ya ƙare, babu biri ko akuya da ta taɓa shiga fadamarsa ta fita da daɗi. Shi da mahaifinsa kuwa haka suka ƙare, “a hwaɗa ma wancan”, har ƙasa ta rufe idon tsohon. Da an ɗauki abokin nawa, ko zai kai babban birnin, ko kafaɗarsa za ta ce ƙas a hanya kamar ta Baturenmu, Allah kaɗai ya sani. Shi bai taɓa nuna ya damu ba. Ni ne dai har yau idan na ga masu wasan nan a talabijin, na ga wani bawan Allah a tsugune da safa, sai in ji raina ya ɓaci sabo fil, in ce a canza tasha.

Ba na zagin kunya, da ita aka raine mu, kuma na ga ranarta a wurare da yawa. Amma na tsaya a tsakanin mutum biyu da ke son juna kamar rai, kowanne yana girmama ɗan'uwansa, har suka yi asarar abin da dukansu suke so, saboda kalma ɗaya ta gagare su. Shi ya sa da Allah ya ba ni ɗan fari, ranar suna na ɗauke shi a gaban jama'a na kira sunansa da ƙarfi, tsofaffi suna salati suna cewa zama da Nasara ya lalata ni. Yanzu shi ma ya yi furfura, kullum ƙorafinsa Baba ya cika surutu, komai sai ya faɗa. Nakan ɗaga masa karkataccen yatsan nan in ce ya yi haƙuri, da tsada na sayi bakin nan. Tekun kuwa har yau ban gan ta ba.